Rabi Muka Karanta, Saudatu Muka Riƙe

Kwanakin baya ina kakkaɓe wani tsohon akwati na kayan lefena, sai na ci karo da wani littafi a ƙarƙashin zannuwan da na daina ɗaurawa. Bangon ya tafi, gara ta ɗan taɓa gefensa, shafin farko kuma ga tabon manja. Ko da na duba sai na ga ashe Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ne. Allah Sarki! Littafin nan ya fito a 1990, ni kuwa na fara karanta shi wajen 1993, ina 'yar aji uku a sakandare, a ɓoye cikin littafin lissafi don kada Baba ya gani. Na haya ne ma, ƙanina na aika ya karɓo mini a shagon mai hayar littattafai na bakin layinmu, ban kuma mayar ba har mutumin ya tashi daga unguwar. Kun ga ke nan nawa alhakin ya biyo ni har cikin akwati bayan shekara talatin da ɗoriya, Allah dai ya yafe mana.

A nan bakin gado na zauna na karance shi tas, har miyata ta kama ban sani ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, littafin da na karanta ina budurwa daban, wanda na karanta yanzu daban, alhali kuwa ko wasali ɗaya ba a sauya ba. Shi ya sa na ce bari in ɗan yi sharhi a kansa, ba don na kai marubuciyar sani ba, sai don akwai abin da muka tsallake a cikinsa mu 'yan matan wancan lokaci, kuma ina ganin har gobe 'ya'yanmu tsallake shi suke yi.

Ga wadda ba ta taɓa karantawa ba, labarin wata baiwar Allah ne mai suna Rabi, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa mai sayar da atamfofi. 'Ya'ya tara ta haifa masa. Mutumin yana da hali daidai gwargwado, amma ɗan abin da yake ajiyewa na cefane ba ya kai su ko'ina, shi kuwa a waje yana cin mai kyau yana ɓarin kuɗi. Ana nan sai ya jajibo wata mace mai zaman kanta, Delu, ya aure ta. Zama bai yi daɗi ba, aka yi rikici, ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi ya kore ta ita da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe yaranta. Babbar 'yarta Saudatu, mai kyau da natsuwa, ta auri wani mai wadata, Alhaji Abubakar. Daga baya gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta kama gabanta, aka taru a kan Rabi aka matsa mata sai da ta koma.

Ita marubuciyar ba da ka ta san irin wannan rayuwa ba. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, amma hakan bai hana an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana 'yar shekara 13 ba, auren kuma bai daɗe ba ya mutu. Sai daga baya ta koma karatu ta hanyar makarantar yaƙi da jahilci, ta fitar da littafinta na farko, Budurwar Zuciya, a 1987. Shi kuwa wannan da muke magana a kai, Malam Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga shi a ƙasar Indiya a 2012. Wato dai mace ce da ita kanta rayuwa ta juya mata, ta ajiye wani sabon ta ɗauki wani.

To, bari in faɗa muku gaskiya. Mu a lokacin Saudatu muka karanta. Duk inda aka zo kan Rabi da tukunyarta da kukan yara sai mu yi sauri mu buɗe gaba, muna neman inda Alhaji Abubakar zai sake fitowa. In muka haɗu a makaranta hirar ke nan, wance ta ce ita ce Saudatu, wance ta ce a'a ita ce. Ban taɓa jin yarinya ɗaya ta ce ita ce Rabi ba. Wa zai so? Uwar 'ya'ya tara, sakakkiya, mai warin hayaƙi. Amma in kika bi mu ɗaya bayan ɗaya yau, mu da muka zauna aji ɗaya, za ki tarar waɗanda suka taka sawun Rabi sun ninka waɗanda suka taka na Saudatu. Wata saki, wata takaba, wata mijin yana nan da ransa amma samun ne ya tafi.

Abin da na gani a wannan karatu na biyu shi ne, gaba ɗaya littafin a kan sabo yake tafiya. Hausawa suna cewa hali zanen dutse, kuma mukan fake da wannan magana mu ƙi motsawa. Sai dai a nawa ɗan guntun tunanin, yawancin abin da muke kira hali, sabo ne kawai. Rabi ba a haife ta da zaman jiran miji ya miƙo ba. Koya mata aka yi, kamar yadda aka koya mana: ki yi haƙuri, ki rufa wa mijinki asiri, in an ba ki ki karɓa, in an hana ki ki yi shiru, mahaƙurci mawadaci. Shekara da shekaru tana kan wannan, har ya zama ita kanta ba ta san akwai wata hanyar ba. Kuma kada wata ta ce na zagi haƙuri. Haƙurin ne ya riƙe gidan tsawon lokacin da gidan yake riƙuwa. Amma ranar da aka miƙa mata takarda, wannan sabo ya tashi daga aiki. Wa za ta jira? Wa za ta rufa wa asiri? In ta ci gaba da shirun da ta saba, yara tara za su kwana da yunwa.

A nan ne na sara wa Hajiya Balaraba. Ba ta kawo wani malami ko wata tsohuwa ta zaunar da Rabi ta yi mata doguwar nasiha sannan ta farka ba, kamar yadda wasu marubutanmu suke yi har shafi biyar. Yunwar yara ce ta tashe ta. Kuma ba ta je ta koyo wani abu daga sama ba. Girkin nan dai da ta shekara tana yi a kyauta, ba godiya ba na gode, shi ta juya ya zama abin da ake biyan ta. Hannun shi ne, muciyar ita ce, asubancin shi ne. Abin da ya sauya kawai, da tana tashi ta jira, yanzu tana tashi ta ɗora. Lokacin da jira yake ci, aiki ya zo ya zauna a cikinsa, jiran bai sami wurin komawa ba.

Na san wannan ne domin ni ma ya same ni, ko da yake nawa ba saki ba ne. Baban yara ma'aikacin wata masaƙa ne a nan Kano, mutumin kirki, bai taɓa fita bai ajiye na cefane a kan firji ba. Wajen 2005, lokacin da masaƙun Kano da Kaduna suke ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasu ita ma ta rufe. 'Ya'yanmu huɗu a lokacin. Wallahi wata uku cur ina tashi da safe ƙafata tana kai ni gaban firjin nan, in kai hannu sama in shafa, alhali na san ba komai. Ba mantuwa ba ce, jiki ne ya saba. Ranar da ya gan ni ina shafawa, ya sunkuyar da kai ya fita ko karyawa bai yi ba, ranar na san in ban sake ba zan kashe bawan Allahn nan da baƙin ciki.

Kuma ba shafa firji kaɗai ba. Na saba in dafa abinci ya yi saura a ba almajirai har a zubar. Na saba duk bikin da aka yi a dangi ko a unguwa sai na yi anko. Na saba bayan azahar in shiga maƙwabta a yi ta hira har la'asar sakaliya. Na ce zan daina duka, na yi rantsuwa ma. Ko sati biyu ban yi ba aka kawo ankon bikin 'yar ƙawata, na ci bashi na yi, don kunyar a ce wance ta gaza. Na gane a lokacin cewa faɗin "na daina" ba ya raba mutum da sabo. Turke ne, ai shi ya sa aka ce sabo turken wawa, in kin tsinke igiya ba ki da wurin zuwa, da ƙafarki za ki dawo gindinsa ki tsaya.

Gwaggona ce, Allah ya jiƙanta, ta zo ta tarar da ni ina kuka. Ba ta ce mini ci kanki ba. Washegari sai ga yaro da kwano ɗaya na waken suya da kwalbar man gyaɗa, wai in ji Gwaggo a yi awara, ba kyauta ba ce, bashi ne. Na ji haushi ƙwarai, ni da na yi sakandare, awara? Amma na jiƙa. Da asuba aka kai markaɗe, na tace, na tafasa, na zuba ruwan tsami, na ɗaure a ƙyalle na danne da dutse. Ta farko ta yi ruwa ta farfashe a cikin mai, mu muka cinye abarmu. Ta uku ce ta fara kama jikinta.

Kin san abin da ya raba ni da hirar maƙwabta? Ba niyya ba ce. Yaran islamiyyar layinmu ƙarfe huɗu suke wucewa, dole kafin nan suya ta yi nisa, to ina lokacin zama? Anko kuwa adashi ne ya kashe shi. Na shiga na kullum-kullum, uwar adashi ba ta san biki ba, ba ta san suna ba, yarinyarta tana ƙofa kafin magariba. Kuɗin da zai tafi anko ya riga ya sami mai shi. Firji kuma, Gwaggo ta sa na ɗora gwangwanayen madara guda biyu a daidai wurin da nake shafawa, ɗaya na uwar kuɗi ɗaya na riba. Ta ce, "Ke 'yar nan, tunda hannun ya saba zuwa nan, bar shi ya je, amma ya tarar da naki." Na uwar kuɗi ko mutuwa ake ba a taɓa shi. Sau biyu ina karya wannan doka, sau biyu jarin yana karyewa, na biyun ma ba ci na yi ba, bashi na yi ta bayarwa don kunyar 'yan'uwa. Ita ma kunyar cewa a'a wani tsohon sabo ne, kuma ita ta fi wuyar fita, har yau ban gama da ita ba.

To a nan ne kuma nake da ƙorafi a kan littafin, domin sharhi ba yabo kaɗai ba ne. Irin waɗannan abubuwa da na lissafa, su na so in gani a wurin Rabi dalla-dalla, ban ƙoshi da su ba. Yaya ta ji ranar farko da ta zuba wa baƙo abinci ta miƙa hannu ta karɓi kuɗi? Ranar da abinci ya yi kwantai fa? Masu ci bashi su gudu fa? Marubuciyar ta fi sakin alƙalaminta a wurin neman auren Saudatu da hidimarsa da kayan alatu. Na san dalili, kasuwa ce, mu masu saye abin da muke so ke nan, in ba soyayya ba za mu karɓa haya ba. Amma sakamakon shi ne, wahalar da Rabi ta sha ta sake kanta ta zo a gajarce, daɗin da Saudatu ta samu ba tare da ta sake komai ba ya zo a shimfiɗe. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar wanne za ta riƙe?

Kuma ki lura da kyau, Saudatu ladabi da kyau da kamun kai ne suka kai ta gidan Alhaji Abubakar. Abubuwa ne masu kyau, ba musu. Amma ai uwarta ma tana da ladabin da kamun kan lokacin da aka kai ta gidan Alhaji Abdu. Wato sabon da littafin ya kora ta ƙofar gaba, na zaman jiran wani Alhaji ya ɗauke miki komai, shi ne ya zagayo ya shigo ta ƙofar baya da babbar riga da mota. Bambancin kawai an ce wannan Alhajin na kirki ne. To in ya sauya fa? In nasa shagon ne ya ƙone fa? A ɗaya littafin nata na shekarar 1990, Wa Zai Auri Jahila?, ta fi gamsar da ni ta wannan fuska, domin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, guduwa ta yi birni ta koma karatu har ta tsaya da ƙafarta.

Sai maganar gobara. Da ina yarinya har tafi na yi da wuta ta kama shagon Alhaji Abdu, na ce Allah ya ƙara. Yanzu kuwa jikina sanyi ya yi. A watan Maris na 2016 mun ga gobarar kasuwar Sabon Gari, dubban shaguna suka tafi a dare ɗaya, kuma wuta ba ta tsaya tambayar wane ne mai kyautata wa iyalinsa wane ne azzalumi ba. Na san matan da mazajensu ba su taɓa zaluntar kowa ba, suka wayi gari ba ko sisi. Na kuma san irin su Alhaji Abdu da har yau shagonsu yana nan sai ma ƙaruwa. Mace ta zauna tana jiran alhaki ya kama mata tsohon miji, shi ma wani jiran ne, bai kuma fi na cefane amfani ba. Sannan shi Alhaji Abdu ban ga inda ya sake hali ba. Dukiyarsa ce ta ƙone. Ya saba mace ta ɗauki wahalarsa, da ya rasa ta biyun sai ya nemo ta farkon. A duk littafin shi ne mutumin da kiɗa ya sauya masa amma rawarsa tana nan yadda take.

Komawar Rabi ita ce ta fi ba mu haushi a da, har akwai ƙawata da ta yi jifa da littafin. Yanzu ban ga laifin marubuciyar a nan ba, gaskiya ta faɗa, haka ake yi mana. Mace za ta sake kanta tun daga sama har ƙasa, amma dangi ba su sake ba, maganarsu tana nan: ki dubi 'ya'yanki, uban 'ya'yanki ne, me duniya za ta ce. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne na san wadda ta koma ba ita ce aka kora ba. Wadda ta san kuɗin kwanon shinkafa da abin da zai fito a cikinsa in an dafa an sayar, ko ta koma ɗaki ɗaya da mutum, ba za ta sake tsayawa gaban firji tana shafawa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada kuma ƙannena ku ɗauka sau ɗaya ake yin abin nan a huta. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta ɓace a hannun mutane, ni da na rantse ba ruwana da banki sai ga ni ina roƙon ɗana ya koya mini duba alat a waya, domin maƙwabciyata da ta ce ita sai kuɗi a hannu, a gabana masu sayenta suka dawo wurina. Ba a gama wannan ba aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin markaɗe da na waken da na man suya duk suka bi ta. Na sauke tukunyar gas na koma gawayi, na koma shanya tumatir da kaka in yi kauɗa kamar yadda Inna take yi, abin da da nake yi wa kallon ƙauyanci. Kin ga wani lokacin sabon da za ki ɗauka tsohon na uwarki ne da kika yar. Wani sabon kuma da muka ɗauka bai fi wanda muka bari ba ko kaɗan. Hirar maƙwabta da na samu na rabu da ita da ƙyar, ga ta nan ta dawo mini cikin waya, ba sallama ba mayafi, har sha biyun dare. Littattafan da 'yan mata suke biya ana turo musu a WhatsApp yanzu kuwa, na leƙa kaɗan a wayar 'yata, yawancin waɗanda na gani jikokin Saudatu ne, sai dai Alhajin ya ƙara kuɗi, ya koma saurayi, yana da jirgi. Jikar Rabi ban ci karo da ita ba tukuna.

Ita 'yar tawa an sa ranarta bayan sallah. Na liƙe bangon littafin da salatif na ba ta, na ce ta karanta a tsanake, kada ta tsallake ko shafi ɗaya. Kwana biyu ta dawo mini da shi har ɗaki. Na ce, "To, me kika gani?" Ta ce, "Umma, wallahi Saudatun nan ta yi dace, irin mijin nan ai sai a littafi." Na ce, "Rabi fa?" Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ita dai ta sha wahala, tausayi ta ba ni." Na karɓi littafin na mayar cikin akwati. Na ce ta tashi ta auno waken gobe kwano uku ta tsince ta jiƙa, kuma daga yau har ranar da za a kai ta, ita za ta riƙa ƙirga abin da ke cikin gwangwanayen nan biyu kowane dare ta faɗa mini.